Ɗalibi a Tsakiyar Darasi: Sabuwar Hanyar Horar da Ma'aikatan Jinya

Babu wani daga cikinku da bai taɓa zuwa gidan likita ba, ko don kansa, ko don ya kai yaro, ko don ya raka mai naƙuda. Wanda ya fara karɓarku a can, sau da yawa, ma'aikacin jinya ne, wato wanda muka saba kira malamin asibiti ko malamar asibiti. A yawancin cibiyoyin lafiya na karkara da ake kira CSI, shi ne ke duba marar lafiya, shi ke ba da magani, shi kuma ke yanke shawarar ko a tura mutum babban asibiti. Ran ɗanku yana iya ratayuwa a kan shawarar da zai yanke cikin minti biyar.

Wannan ma'aikaci wani ne ya koyar da shi, kuma yadda aka koyar da shi yana bin sa har wurin aiki. Wannan shafi zai bayyana muku wani sauyi da ya shigo makarantun koyon aikin jinya na duniya. Malamai suna rage dogon jawabi, suna ƙara sa ɗalibi ya yi tunani da aiki da hannunsa. Za ku ga ma'anar wannan hanya, da asalinta, da yadda ake bin ta a aji, da wahalhalunta, da kuma abin da ya shafe ku a ciki.

Mece ce koyarwa mai sa ɗalibi a tsakiya?

A hanyar da aka daɗe ana bi, malami yana tsaye gaban allo yana magana, ɗalibai suna zaune suna rubutawa. Idan lokacin jarrabawa ya zo, sai su mayar masa da abin da ya faɗa. Tambayar da malami ke yi wa kansa ita ce: “Na gama darasin?”

A sabuwar hanya tambayar ta zama: “Me ɗalibina ya iya yi yau wanda jiya bai iya ba?” Saboda haka malami yana shirya aiki wanda ɗalibi zai yi da kansa. Yana kawo matsala irin wadda ake gamuwa da ita a asibiti. Yana sauraron yadda ɗalibi ya yi tunani, ya gyara masa inda ya kauce, ya sake ba shi dama har ya ƙware.

Kada a ɗauka cewa an sauke malami daga matsayinsa, ko an bar ɗalibai su yi abin da suka ga dama. Manhaja tana nan, ladabi yana nan, jarrabawa ma tana nan. Akwai kuma abubuwan da tilas a haddace su, kamar sunayen gaɓoɓin jiki da adadin maganin da ya dace da nauyin yaro. Abin da ya sauya shi ne wanda ke yin aikin koyo a cikin aji.

Yadda aka faro

Makarantar da ake ɗauka a matsayin uwar makarantun jinya na zamani ita ce wadda Florence Nightingale ta buɗe a asibitin Sen Tomas da ke Landan a 1860. Ta fara da ɗalibai mata 15, horon kuma na shekara ɗaya ne. Yawancin karatunsu a ɗakunan marasa lafiya suke yin sa, ƙarƙashin idon manya. Ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce aka mayar ranar ma'aikatan jinya ta duniya. Ke nan tun farko aikin jinya a bakin gado ake koyon sa, kamar yadda ɗan maƙeri ke koyo a bakin zuga-zugi.

Da tafiya ta yi nisa, ilimin likitanci ya faɗaɗa, ɗalibai suka yi yawa, darussa suka koma manyan azuzuwa. Jawabin malami ya zama hanya mafi sauƙi ta isar da bayani ga mutum ɗari a lokaci guda. Amma sai aka lura da wani giɓi. Ɗalibi yana iya rubuta shafi uku a kan zubar jini bayan haihuwa, ya ci jarrabawa, ranar da ya ga jinin da idonsa kuma ya rasa abin da zai fara yi.

Masana da dama sun yi magana a kan wannan giɓi. John Dewey na Amurka, wanda ya rayu daga 1859 zuwa 1952, ya koyar da cewa mutum yana koyo ne ta hanyar aikatawa da yin tunani a kan abin da ya aikata. Paulo Freire na Barazil malamin yaƙi da jahilci ne. A 1963, a garin Angicos, shi da abokan aikinsa suka koya wa manya kimanin 300 karatu da rubutu cikin kusan kwana 45. Sun fara da kalmomin da mutanen ke amfani da su a rayuwarsu ta kullum. Freire ya soki irin koyarwar da ke ɗaukar kan ɗalibi kamar asusu, malami yana zuba bayani a ciki don a ciro ranar jarrabawa. A 1970 kuma Malcolm Knowles ya bayyana cewa babba yana zuwa aji da abin da ya riga ya sani, kuma ya fi koyon abin da ya ga amfaninsa nan kusa. Ku da kuke karatun manya kun san gaskiyar wannan magana fiye da kowa.

A fannin lafiya, babban mataki shi ne wanda jami'ar McMaster ta Kanada ta ɗauka a 1969. Ta raba ɗaliban likitanci ƙananan rukunoni, kowane rukuni da malami mai ja-gora, ana fara kowane darasi da labarin marar lafiya. Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holand ta bi sahu a 1974. A Afirka, jami'ar Jazira da ke Wad Madani a Sudan da jami'ar Ilori a Nijeriya sun yi suna tun ƙarshen shekarun 1970 wajen tura ɗalibai su yi karatu cikin ƙauyuka. Daga makarantun likitoci ne waɗannan dabaru suka shiga makarantun jinya da na unguwarzoma.

Hanya ta farko: a fara da matsala

Ga misalin yadda irin wannan darasi yake tafiya. Malama ta raba ɗalibai rukuni-rukuni, mutum shida zuwa goma. Ta ba kowane rukuni takarda mai ɗauke da labari kamar haka: wata uwa ta kawo jaririnta ɗan wata takwas, yana tari kwana uku, jikinsa da zafi, ya rage shan nono. Ƙauyensu yana da nisa, kuma amalanken shanu ne ya kawo su. Me za ku yi?

Malama ba za ta ba da amsa ba. Ɗalibai ne za su jera abin da suka sani da abin da ba su sani ba. Wani ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, a ba shi magani. Wata ta ce a fara yin gwajin jini. Sai malama ta jefa tambaya: “Tarin fa? Yaya za ku san ko ya taɓa huhu?” Daga nan rukuni ya koma ga littafi.

A cikin littafin kula da cututtukan yara da ake kira PCIME, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, da UNICEF suka tsara a shekarun 1990, za su tarar da ƙa'ida. Ana ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya cur, yana kwance cikin natsuwa. Daga wata 2 zuwa wata 12, numfashi 50 ko fiye a minti ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye. Saurin numfashi tare da tari alama ce ta ciwon huhu. Za su kuma tarar da alamomin haɗari huɗu: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ko ya yi laushi har ba ya farkawa sosai. Alama ɗaya daga cikinsu ta isa a ba shi taimakon farko a tura shi babban asibiti da gaggawa.

Idan rukuni ya dawo, malama ta ƙara wa labarin nauyi: mahaifin yaron ya yi tafiya, uwar kuma ta ce ba za ta wuce asibitin gunduma ba sai da izininsa. Yanzu ɗalibai za su tattauna yadda ake lallashi, da wanda za a kira a waya, da yadda za a samu mota. Darasi ɗaya ya haɗa ilimin jiki, da ilimin magani, da sanin halin jama'a. Haka matsala take zuwa a wurin aiki, a dunƙule.

Hanya ta biyu: a gwada a kan mutum-mutumi

Bai dace hannun ɗalibi ya fara koyon allura a jikin ɗan wani ba. Shi ya sa ake amfani da mutum-mutumi. Na farko da aka sani a makarantar jinya an kai shi asibitin Hartford na Amurka a 1911, babbar ƴartsana ce mai girman mutum da wata mata mai suna Martha Chase ta ƙera. A 1960 Asmund Laerdal na ƙasar Norwe ya fitar da wani mutum-mutumin don koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya.

Misali mafi kusa da rayuwarmu shi ne na jaririn da aka haifa bai yi kuka ba. A 2010 aka ƙaddamar da wani shiri na duniya don taimaka wa jarirai su yi numfashi. Ƙa'idarsa ita ce “mintin zinariya”: cikin minti ɗaya bayan haihuwa, a goge jariri ya bushe, a shafa bayansa, idan bai yi numfashi ba a fara hura masa iska da ƴar jaka da abin rufe hanci da baki. Ana koyon wannan a kan jaririn roba da ake cika shi da ruwa don ya yi nauyin na gaske. Ɗalibai suna aiki biyu-biyu, ɗaya yana hura iska, ɗaya yana duba ko ƙirji na ɗagawa, sannan su yi musaya. Ana maimaitawa har hannu ya saba, domin a cikin minti ɗaya babu lokacin buɗe littafi.

Bayan kowane gwaji akan zauna a yi bita. Malami yana fara tambayar ɗalibi: “Me ka gani? Me ya sa ka yi haka? Me za ka sauya?” Masu wannan fanni sun yarda cewa a wannan zaman ne mafi yawan koyon yake faruwa. Kuskure a kan roba ba ya kashe kowa, don haka ana iya tattauna shi ba tare da tsoro ba.

Hanya ta uku: matakai huɗu na koyon aikin hannu

Wani likitan fiɗa mai suna Rodney Peyton ya bayyana wata dabara a 1998. Ba ta bukatar kuɗi, kuma kowane mai sana'a zai gane ta.

1. Malami ya yi aikin daga farko zuwa ƙarshe, bai ce komai ba, ɗalibi yana kallo.
2. Malami ya sake yi sannu a hankali, yana bayyana kowane mataki.
3. Malami ya sake yi, amma ɗalibi ne ke faɗa masa abin da zai yi a kowane mataki.
4. Ɗalibi ya yi da hannunsa, yana faɗin abin da yake yi.

Mataki na uku shi ne gishirin dabarar. A nan ne malami ke jin abin da ya zauna a kan ɗalibi da abin da ya zube, tun hannun ɗalibin bai taɓa kowa ba. Da haka ake koyar da wanke hannu, da ɗaura ruwa a jijiya, da wanke rauni, da auna hawan jini.

Hanya ta huɗu: wasan kwaikwayo

Rabin aikin jinya magana ce. Ma'aikaci zai yi wa tsoho bayanin maganin hawan jini. Zai yi magana da matar da ke jin nauyin faɗin ciwonta. Wata rana zai sanar da dangi rasuwa. Ba a koyon waɗannan daga allo.

A wasan kwaikwayo, ɗaliba ɗaya ta zama uwa, ɗaya ta zama ma'aikaciya, sauran suna kallo suna lura. A ce darasin a kan gudawa ne. Ma'aikaciyar za ta bayyana cewa ana zuba ƙunshi ɗaya na gishirin zawo cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi nono, a kuma ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Sannan, maimakon ta ce “Kin gane?”, sai ta ce: “Inna, faɗa mini yadda za ki haɗa shi idan kin koma gida, don in tabbata na yi bayani daidai.” Wanda aka tambaya ko ya gane zai ce “e” don kunya. Wanda aka ce ya maimaita kuwa, nan take za a ji inda bayani ya tsaya.

Ɗalibar da ta zauna a matsayin uwa ita ma ta ƙaru. Ta ɗanɗana yadda mutum ke ji idan an yi masa tsawa ko an yi masa magana da harshen da bai sani ba.

Jarrabawa ma ta sauya

Ɗalibi yana karanta abin da ya san za a tambaye shi. Idan jarrabawa hadda ce kawai, hadda zai yi, ko da malami ya sauya salon darasi. A 1990 George Miller ya kwatanta ƙwarewa da tsani mai hawa huɗu: mutum ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna yadda ake yi, sannan ya riƙa yi a wurin aiki. Jarrabawar takarda tana auna hawa biyu na ƙasa ne kawai.

Don a auna hawa na uku, Ronald Harden da abokan aikinsa a garin Dandi na Sikotland suka bayyana wata irin jarrabawa a 1975. Ana shirya tashoshi da yawa, ɗalibi yana zagayawa, yana yin ƴan mintuna a kowace. A wata tasha ya auna damtsen yaro, a wata ya lissafa adadin magani, a wata ya yi wa mai ciki bayani. Mai dubawa yana riƙe da takarda mai jerin matakai, yana sa alama a kan wanda aka yi da wanda aka tsallake. Kowa tashoshi iri ɗaya yake bi, don haka son kai yana raguwa.

Ko bayan samun takardar shaida, koyo bai ƙare ba. Patricia Benner, wata malamar jinya ta Amurka, ta bayyana a 1984 cewa ma'aikaci yana hawa matakai biyar daga sabon shiga zuwa gwani, kuma shekarun aiki tare da tunani a kan aikin ne ke kai shi can.

Shin hanyar tana da amfani?

An yi bincike mai yawa. A 2014 wasu masana a Amurka, ƙarƙashin Scott Freeman, suka tattara bincike 225 da aka yi a azuzuwan kimiyya da lissafi na jami'o'i. Inda ake jawabi kawai, kusan ɗalibai 34 cikin 100 ne suka faɗi. Inda ɗalibai ke aiki a cikin darasi, kusan 22 cikin 100. A shekarar kuma hukumar da ke haɗa majalisun jinya na jahohin Amurka ta fitar da sakamakon wani gwaji a makarantu 10. An musanya har rabin lokacin horon asibiti da gwaji mai inganci a kan mutum-mutumi, kuma ɗaliban ba su gaza sauran ba. A Tanzaniya, wani bincike da aka buga a 2013 ya nuna cewa bayan horon “mintin zinariya” a asibitoci 8, mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100.

Sai dai akwai iyaka. Bincike ya nuna cewa fara darasi da matsala ya fi taimakawa wajen aiki da ilimi da haɗa kai da abokan aiki. Wajen yawan abin da aka haddace, bambancinsa da tsohuwar hanya ba shi da yawa. Sabon ɗalibi kuma yana bukatar ja-gora sosai; idan aka sake shi da matsala ba tare da tushe ba, ruɗewa zai yi. An kuma lura cewa aikin hannu yana dusashewa bayan ƴan watanni idan ba a maimaita shi. Saboda haka gajeren gwaji da ake yi akai-akai a wurin aiki ya fi taron horo guda mai tsawo.

Nauyin da ke kan malami

Mai wucewa zai ga malama tana zaune ɗalibai suna magana, ya ce ta samu hutu. Aikinta ƙaruwa ya yi. Jawabin da aka rubuta sau ɗaya ana iya karanta shi shekara goma. Labarin marar lafiya kuwa sai an tsara shi, an shirya kayan gwaji, an tanadi tambayoyi. Dole malama ta iya yin shiru ta bar ɗalibi ya yi laluben amsa. Dole kuma ta san fanninta ƙwarai, domin tambaya tana iya fitowa daga inda ba ta zata ba.

Yawancin masu koyar da jinya gwanayen aikin asibiti ne da aka ɗauko aka ba su aji. Iya aiki dabam, iya koyar da shi dabam. Mutum kuma yakan koyar kamar yadda aka koyar da shi. Don haka a 2016 OMS ta fitar da jerin ƙwarewa a fannoni 8 da ake son mai koyar da jinya ya mallaka, na farkonsu shi ne sanin yadda manya ke koyo. Bukatar tana da girma: rahoton hukumar ya nuna ma'aikatan jinya a duniya sun kai miliyan 29.8 a 2023, amma akwai giɓin kusan miliyan 5.8, kuma ƙasashen Afirka suna cikin waɗanda giɓin ya fi shafa.

Wahalhalu a ƙasa irin tamu

A Nijar ana horar da ma'aikatan jinya da unguwarzoma a makarantun gwamnati na ENSP da ke Yamai da Damagaram, da kuma makarantu masu zaman kansu a manyan garuruwa. Duk malamin da ya so bin sabuwar hanya a ƙasashen yankinmu yana iya cin karo da abubuwa huɗu.

Na farko, yawan ɗalibai. Aji mai cunkoso ba ya rabuwa rukuni-rukuni cikin sauƙi. Duk da haka malami yana iya tsayar da jawabi bayan minti 15, ya jefa tambaya, kowa ya yi tunani shi kaɗai, ya tattauna da na kusa da shi, sannan a ji amsoshi.

Na biyu, ƙarancin kaya. Mutum-mutumi mai aiki da kwamfuta yana da tsada ƙwarai. Amma ana koyon ɗinkin rauni a kan soso, ana koyon allura a kan lemo, ana ɗinka jariri da mahaifa da ƙyalle. Wasan kwaikwayo kuwa ko dala ba ya ci.

Na uku, kunya. An tarbiyyantar da mu a kan girmama malami da sunkuyar da kai gaban babba, kuma wannan tarbiyya abin riƙewa ce. Sai dai a ɗakin marasa lafiya shirun ƙarami yana iya jawo asarar rai. Idan ɗaliba ta ga ana shirin ba da maganin da ya wuce ƙima, ladabi na gaskiya shi ne ta yi magana cikin taushin murya. Aji ne wurin da za ta koyi yin haka. Matambayi ba ya ɓata.

Na huɗu, harshe. Ana karatu da Faransanci, ana jinya da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da Buzanci. Ɗalibin da bai taɓa bayyana ciwon suga da harshen gida ba zai yi tuntuɓe ranar farko. Malami mai hangen nesa yakan sa a yi wasan kwaikwayo da harshen da majinyata ke ji.

Darasi daga Mirriya

Akwai shaida a gida cewa wanda aka koya wa abu da hannunsa yana iya riƙe shi, ko bai taɓa shiga aji ba. A farkon shekarun 2010, a gundumar Mirriya ta jahar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka fara koya wa iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu da ɗan ma'auni mai launi uku, don gano tamowa da wuri. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, kore yana nufin lafiya, rawaya gargaɗi ne, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, yana nufin a kai shi gidan likita ba da jinkiri ba. An nuna wa matan, suka gwada a kan ƴaƴansu, aka gyara musu. Bincike ya nuna awonsu ya yi daidai da na ma'aikatan sa-kai da aka horar. Daga baya ƙasashe da yawa suka ɗauki dabarar. Ma'aikacin da aka koyar ta hanyar sa hannu, shi ne zai iya koyar da uwa ta wannan hanya.

Abin da ya rage gare ku

Idan kun je gidan likita kuka tarar da ɗalibai masu neman ƙwarewa, ku sani da ku ake horar da su. Haƙƙinku ne a gaya muku cewa wannan ɗalibi ne, a nemi yardarku kafin ya taɓa ku, kuma babban ma'aikaci ya kasance kusa. Idan an cika waɗannan, ku ba shi dama, domin shi ne zai duba jikokinku.

Idan ma'aikaci ya ce ku maimaita bayanin magani, kada ku ɗauka raini ne. Idan bai ce ba, ku da kanku ku ce: “Malam, bari in faɗa maka yadda na ji, ka gyara mini.” Wanda ya iya rubutu ya rubuta adadin ƙwaya da lokutan sha tun bai fita ba.

Idan ɗanku ko ƴarku na son shiga makarantar jinya, ku bincika kafin ku biya kuɗi. Gwamnati ta amince da makarantar? Akwai ɗakin gwaji, kuma ana barin ɗalibai su taɓa kayan? A wane asibiti suke neman ƙwarewa, kuma wa ke bin su can? Ɗalibai nawa ne a aji?

Idan kuna cikin kwamitin kula da cibiyar lafiya ta garinku, ku taimaka wa ɗaliban da aka turo da masauki, ku gabatar da su ga mai gari da liman da shugabar mata. Abin da za su koya a bakin rijiya da kasuwa, babu shi a littafi.

Tambayoyi don tattaunawa a ajinku

1. Wace sana'a kuka iya, kuma yaya aka koya muku ita? Ku kwatanta da matakai huɗu da aka ambata a sama.
2. Ku tuna wani bayani da aka yi muku a gidan likita wanda ba ku gane ba. Me ya hana ku tambaya?
3. Ku tashi mutum biyu, ɗaya ya zama ma'aikacin jinya, ɗaya ya zama uwa. Ku gwada bayanin haɗa gishirin zawo, sauran su faɗi abin da aka yi daidai da abin da aka tsallake.
4. Ku nemi agogo, kowa ya ƙirga numfashin yaro mai lafiya a gida na minti ɗaya, ya rubuta adadin, ya kawo aji a zama na gaba.